Yatsan Kafinta

Wayar ba ta san shi ba. Abin da kafinta ya fara ganewa ke nan.

Auta ne ya kawo ta, ɗansa na ƙarshe, mai tuƙin motar kaya. Ya zaro ta daga kwali ya ajiye a kan teburin aiki, tsakanin guduma da gwangwanin gam. Baƙa ce, faffaɗa, gilashi tun daga sama har ƙasa. Kafinta ya juya ta ciki da baya yana lalube.

"Ina wurin dannawa?"

"Babu, Baba. Shafa ta ake yi."

"Shafawa? Kyanwa ka sayo min?"

Ya sa babban yatsa ya shafa. Shiru. Ya sake. Ko gezau. Sai ya danna da ƙarfi kamar mai cusa ƙusa a katako mai laushi, har Auta ya yi wuf ya kama masa hannu.

"Baba, fasa ta za ka yi!"

Auta ya ɗan taɓa ta da kan yatsa, taɓawar da ko ƙuda ba za ta kora ba. Wayar ta yi haske, ta buɗe.

Mai walda na shagon gefe, wanda duk layin ke kira Tartsatsi, ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi ya leƙo. Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma bai taɓa barin abin dariya ya wuce shi ba.

"Kawo hannun mu gani." Ya kama yatsan kafinta ya ƙwanƙwasa da farce. "To ina laifin waya? Wannan ai ba yatsa ba ne, kofato ne. Ita fata take nema."

Gaskiya ya faɗa. Zarto da guduma da gam sun daɗe da mayar da yatsun nan kanta zalla. Ko sartse ba ya shigarsu.

Kafinta bai yi dariya ba. Ya ce, "Auta, muryar fa?"

Ba don muryar ba da bai damu da kowace waya ba. Tsohuwar tasa ƙarama ce mai madannai, lambobinta sun goge, batirin ya kumbura har sai da ya ɗaure bayanta da roba. Kwanan baya ta mutu a caji, ta yi ƙauri, mai gyara ya duba ya ce a haƙura. Amma memorin ciki ya tsira, kuma a cikinsa matar kafinta take magana.

Ba da niyya aka ɗauka ba. Wata rana, tana da ranta da lafiyarta, ta kawo masa abincin rana shago. Wayar na aljihun gaban rigarsa, ya sunkuya kan katako, gefen tebur ya danne wani madanni. Ba wanda ya sani. Sai bayan rasuwarta, yana neman wata lamba, ya yi karo da ita.

Da farko ƙarar zarto. Sai sallamarta. Sai ta ce, "Ajiye zarton nan ka ci tun da zafinsa." Shi ya yi wani gunaguni da ba ya fita sosai. Ita kuma ta ɗora: "Kuma yau in ka shigo min ɗaki da garin katako a takalmi, kai za ka share. Wai ni shago na aura ko mutum?" Tartsatsi ya kwashe da dariya daga nesa. Ita ma ta yi tata, dariyar nan da take ƙarewa da 'yar shaƙewa kamar ta ƙware. Ta ce, "Kana jina kuwa?" Ya ce, "Ki bari sai anjima, ina aiki." Zarto ya ci gaba. Shi ke nan.

Hotunanta suna nan a gida, amma hoto ba ya faɗa.

Kullum idan rana ta take, lokacin da ta saba zuwa, sai ya zauna a kan buhun garin katako, ya sa hannu a aljihu ya danna ba tare da ya duba ba. Yatsansa ya haddace hanyar. Sai ya ji an yi masa faɗan takalmi, sannan ya buɗe kwanon da ya sayo a bakin titi.

Auta ya sa memorin a sabuwar waya. Ya shiga nan ya fita can, har ya kai ga wani siririn layi mai lambobi. "Ga ta nan." Ya taɓa. Wani rubutu ya fito. Ya sake taɓawa, rubutun ya sake fitowa.

"Me ta ce?"

"Wai ba za ta iya kunna irin wannan ba."

"Ƙaramar da ba ta cika tafin hannu ba tana iyawa, wannan uban allon ta kasa?"

Suka rufe shago suka tafi wurin mai gyara, wani siririn mutum da ke zaune bayan akwatin gilashi cike da gawarwakin wayoyi. Ya duba, ya murza ido.

"Irin ɗaukar da ce, Baba. Sababbin nan ba duka suke karanta ta ba. Sai an juya ta a kwamfuta. Abu ne mai sauƙi."

"To juya."

"Tawa kwamfutar ma tana asibiti. Ku dawo ƙarshen mako. Kar ka damu, tana nan lafiya ƙalau, baki ne kawai wayar ba ta da shi."

Washegari Auta zai yi lodi zuwa nesa. Da safe, kafin ya tafi, ya zauna da uban a ƙofar shago yana koya masa. Ya saka shi a guruf ɗin dangi da na masu sana'ar katako, wai don ya rage kaɗaici. Ya nuna masa yadda ake amsa kira. Sannan ya buɗe layin nan.

"Abu ɗaya, Baba. Kar ka ja shi gefe. In ka ja gefe, gogewa yake yi. In tsautsayi ya sa ka ja, wani rubutu zai fito nan ƙasa, ka taɓa shi da sauri, zai dawo. Ba ya jira."

"Ni da ko tsawa na yi mata ba ta ji, ina zan ja wani abu?"

Auta ya yi dariya. Yaron motarsu ya danna hon daga bakin titi, ya miƙe ya tafi.

Da rana ta take, kafinta ya zauna a kan buhu ya sa hannu a aljihu. Yatsansa ya tafi neman madanni, ya tarar da santsin gilashi. Ya daɗe a haka. Abincin ya huce bai buɗe ba.

Sai ya ƙwanƙwasa bango. "Tartsatsi, zo ka buɗe min abin nan."

Tartsatsi ya cire safar hannu ya buɗe. Kafinta ya riƙe wayar yana kallon siririn layin. Ba sauti, ba komai, lambobi ne kawai. Amma tana ciki. Ya kalla har gilashin ya yi duhu da kansa.

Rana ta biyu ma haka. Ta uku, Tartsatsi ya shigo yana rusunawa tun daga ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ga bafadenka ya zo buɗe wa mai kofato."

"Buɗe ka tafi."

"Ai in an gyara ma ni zan riƙa kunna maka. Mu zauna mu sha faɗan tare. Dama ina ciki, dariyata ce ta ƙawata abin."

Da wasa ya faɗa, ya koma kan ƙarfensa. Amma maganar ta zauna wa kafinta a ƙirji. Wato in muryar ta dawo, kullum sai ya kira wani ƙato ya tsaya masa a kai matarsa tana magana. Kullum. Abin da a da daga shi sai aljihunsa.

Ya dubi babban yatsansa. Ya dube shi yadda yake duban katakon da aka kawo masa da kaushi. Duk abin da ya yi kauri ana rage shi. Wannan ne aikinsa tun yana saurayi.

Ya jawo samfefa, ba mai kaushin ba, mai laushin da ake gama fuskar tebur da ita. Ya shimfiɗa ta a kan gwiwa ya soma goga yatsan. Farin gari yana zuba kamar na busasshen katako. Ya hure, ya gwada a waya. Shiru. Ya ci gaba. Fatar ta tashi daga ruwan toka ta koma ja-ja, ta fara zafi. Bai tsaya ba sai da iska ma ta zama tana yi masa raɗaɗi a wurin.

Ya taɓa gilashin.

Wayar ta yi haske.

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda bai ji daga bakinsa ba tun da aka fitar da gawar matarsa daga gida. Ya dubi ƙofar shago, inda take tsayawa da kwano, ya ce, "Kin gani?"

Yinin ranar guduma ma da ƙyar ya riƙe, amma bai damu ba. Ya koyi shiga da fita shi kaɗai. Ya yi ta ɓata hanya, yana faɗawa cikin hotunan jikoki da bidiyon injin yanka katako da wani ya turo, yana dawowa. Kafin yamma ya san hanyar layin nan kamar yadda ya san ta tsohuwar waya. Tartsatsi ya leƙo yana jiran a kira shi, ba a kira ba.

"An yaye ni ke nan?"

"An yaye ka."

Ana gobe ƙarshen mako, kafinta yana haɗa ƙofar wata kabad. Rana ta kusa take. Ya buɗe wayar ya kai kan layin, ya kwantar da ita a gefen tebur inda idonsa zai riƙa kaiwa, ya ce bari ya ƙarasa yanka guda ɗaya. Ya ja zarto. Garin katako ya tashi, ya sauka ko'ina, har kan gilashin. Ya rufe lambobin.

Bai yi tunani ba. Hannu ne ya yi. Duk abin da ƙura ta hau a shagon nan, da babban yatsa yake share shi, daga wannan gefe zuwa wancan, shara ɗaya. Fuskar katako, bakin zarto, murfin kwano. Haka ya yi.

Layin ya bi yatsan ya fice ta gefe.

Wurin ya zama fari fat. A ƙasa wani ɗan rubutu ya fito.

Ya tuna. Ya saki zarto ya caka wa rubutun yatsan manuni, wanda yake nuna komai da shi, wanda bai taɓa ganin samfefa ba. Ya caka, ya caka. Ya danna har wayar ta zame a kan tebur. "Ki ji mana! Ki ji!" Kafin hankalinsa ya kai ga babban yatsa, rubutun ya nutse.

Ya taɓa inda yake. Wayar ta ji shi sarai. Ta buɗe masa wani abu daban.

A shagon gefe Tartsatsi yana ta walda yana waƙa.

Kafinta bai gaya wa kowa ba. Me zai ce? Ɗansa abu ɗaya ya hana shi. Ya zura wayar a aljihu ya ƙarasa ƙofar kabad, ta fito a karkace, ya ɓalle ta ya sake. Ƙarshen mako ya zo ya wuce bai je wurin mai gyara ba. Auta ya kira ya ce motarsu ta lalace a hanya, sai wani makon. Ya tambayi muryar. Uban ya ce sai ya dawo su je tare.

Wayar kuwa ba ta huta ba. Tana aljihu tana ƙiring-ƙiring, dangi suna turo bidiyon yara, masu katako suna turo na injina da na barkwanci. Bai buɗe ko ɗaya ba. Bai san cewa ko bai buɗe ba suna sauka cikin memorin ba.

Ranar da Auta ya dawo, daga tasha shago ya wuto da jakarsa.

"Baba, tashi mu je. Na kira shi, kwamfutar ta dawo."

"Bari sai gobe."

"Gobe ina da lodi. Kawo wayar."

Kafinta ya ci gaba da buga ƙusar da ta riga ta shige. Auta ya sa hannu a aljihun uban ya zaro wayar, kamar yadda yake yi yana ƙarami in yana neman alewa. Ya shiga. Ya fita ya sake shiga. Ya ɗago.

"Ina take?"

Kafinta ya sake buga ƙusar.

"Baba."

"Ƙura na share."

"Ƙura? Ai ba ta jin hannun..." Idonsa ya sauka kan babban yatsan, ja, mai sheƙi, gefensa ya fara ɓawo. Sannan kan samfefar da ke rataye a ƙusa. Bai ƙarasa ba. Ya juya baya ya dafa bango, ya daɗe yana kallon katakon da aka jingine.

Tartsatsi ya leƙo da wata magana a baki. Ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya haɗiye ta. Ya koma, kuma injinsa bai sake tashi ba.

Mai gyara ya zare memorin da ɗan hantsaki ya sa a kwamfuta.

"Yaushe ta goge?"

Kafinta ya faɗa.

"Kai, Baba! Da ranar kuka kawo, da kafin ka gama zama na fito da ita. Abin da aka goge ba tafiya yake yi nan take ba, yana nan kwance sai an ɗora wani a kansa." Ya nuna jerin bidiyoyi a fuskar kwamfutar, ba iyaka. "Duk waɗannan a kanta suka sauka. Ba ku kwafa a wani wuri ba?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Na ce zan tura wa kaina. Aka yi min hon."

"Bari dai mu gani."

Suka tsaya. Mutane suna zuwa da fasassun gilasai suna tafiya. Wani zare mai launin kore yana rarrafe a kwamfutar kamar ba zai kai ba. Kafinta ya damƙe yatsan cikin tafin hannu.

"An samu wani abu," in ji mai gyara. "Guntu ne fa. Ban san me ke ciki ba."

Ya juya shi, ya ƙara murya, ya danna.

Shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Sai ƙarar zarto. Kafinta ya matso har goshinsa ya kusa taɓa akwatin gilashi. Sai murya ta fito, tar, ba ko ƙura.

"Ki bari sai anjima, ina aiki."

Zarto. Shiru.

Mai gyara ya sake kunnawa, ko da wani abu a gaba. Ba komai. Ya sake.

"Ya isa," in ji Auta. "Goge shi."

"Bar shi."

"Baba, me za ka yi da..."

"Na ce a bar shi. Da ita nake magana a ciki."

Mai gyara ya mayar da memorin, ya tura guntun cikin wayar, ya miƙa ta da hannu biyu. Wannan karon ta kunna shi ba gardama.

Ba su koma shago ba. Suka bi titi har gida, Auta a baya da jakarsa. A ƙofar ɗaki kafinta ya zauna a kan dakali ya cire takalma. Ya buga su da juna, garin katako ya zubo. Ya sa yatsa ya ƙwaƙulo wanda ya maƙale a ɗinki. Tun da ta rasu bai tsallake wannan ba ko sau ɗaya. Tana da rai ne bai yi ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ai ka sha jin ta. Bayan maganar takalmi, dariyar ce ta fara zuwa, ko 'kana jina kuwa'?"

"Dariyar."

"Ka tabbata?"

"Ina ganin dariyar ce."

Kafinta ya gyaɗa kai. Maganganun suna nan a kansa, ba wadda ta ɓace. Ya gwada jero su a zuci. Suka zo daidai, amma da muryarsa suka zo. Ya nemi 'yar shaƙewar nan ta ƙarshen dariya, ya ji ta can nesa, kamar ana yi a gidan maƙwabta.

Ya jera takalman a gefen ƙofa ya shiga.

Aiki bai tsaya ba. Guduma da zarto suka ci gaba da abin da suka saba, fatar yatsan ta soma tauri. Wata rana da rana ta take, ya zauna a kan buhu ya taɓa gilashin, sai da ya maimaita kafin ta yi haske. Bayan 'yan kwanaki ta daina gaba ɗaya.

Samfefar tana nan rataye a ƙusa, kusa da hannunsa. Tartsatsi ya tsaya a ƙofa, safar hannunsa a cire, ba wasa a fuskarsa.

"In buɗe maka?"

Kafinta ya mayar da wayar aljihu ya jawo kwanon abinci.

"A'a. Na san abin da guntun zai ce."